Alkamar da Malam Attahir Ya Gyara

Barmu, 12 ga Janairu

Zuwa ga matata Debora,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, da fatan tarin 'yarmu Albarka ya yi sauƙi. Ni lafiya lau, sai gajiya.

Kin ce shekara uku ina renon alkama kamar jaririya, har yau ba ki san abin da nake yi ba. To, ga shi. Iri biyu muka yi ta reno, bana muka haɗa su a garka ɗaya. Gajeruwar ce uwa, iska ba ta kwantar da ita, amma ba ta da bununin kanta. Doguwar ce uba. Tsayi gado ne a wurinsu, gajarta kuwa da rowa take zuwa, don gajeren uba ba ya sakin bununi sosai. Sai dogo ya tsaya a kanta, iska ta kaɗo mata. In ta yi ido bana, furojen gwajin irin ya ƙare, in dawo gida Tawa gaba ɗaya. Na gaji da kwana ɗaki ɗaya da buhunan taki.

Mijinki,
Sila

Barmu, 3 ga Fabrairu

Debora tawa,

Ina gaishe ki, ina gaida Albarka. Na iso lafiya.

Kwana huɗun da na yi wurinku, na bar garkar a hannun mai filin, Malam Attahir, wanda duk Barmu ba mai tsabtar iri kamarsa. Na dawo na tarar da ita sumul, kai ɗaya kamar an yi mata aski. Ya tarbe ni da fara'a, ya nuna mini dogayen a ɗaure, tumaki sun ci rabi. Wai ya ga baƙon iri ya ɗaga kai, ya tuge shi kafin ya yi fure ya ɓata sauran.

Debora, ni na koya masa haka tun lokacin irin gero: duk wanda ya fi 'yan'uwansa tsayi, a tuge. Ke na zauna na yi wa bayani a takarda, shi ban taɓa yi masa ba. Na buɗe baki in yi faɗa, sai na ji ina yi masa sannu da aiki.

Yanzu zangarniyoyin sun buɗe suna jira, babu mai zuwa. Na gaji, har raina.

Akwatin da na kawo gida, kada ki kwashe shi. Ki ba direban ranar kasuwa ya maido mini. Bargona na ciki, zan buƙace shi baɗi.

Naki har kullum,
Sila