Mu Biyar Ne, Yaya

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau. Ya jikin Inna, ya yara? Mu nan lafiya lau, kada ki damu.

Na samu hutu a wurin aiki, na kawo iyali wani tsibiri. Bayan kwana huɗu a otal, muka nemi masauki na biyu. Akwai na kusa da kasuwa, akwai wani gida a bakin teku. Maman yara ta so na kasuwar, ni na nace wa na tekun saboda shiru.

Tsohuwar da ke kula da gidan ta ƙirga mu, ta ce, "Sannunku, ku shida." Na ce mu biyar ne. Murmushi kawai ta yi. Kullum faranti shida take jerawa, kuma duk wayam ake kwashe su.

Jiya da rana tsaka na tarar da Auta tana hira ita kaɗai a taga, gashinta jiƙe da ruwan teku, alhali ba ta fita ba.

Gobe za mu koma na kasuwar. Auta ta ce ba komai, wai ƙawarta ma ta haɗa kayanta.

Kada Inna ta ji. Ki dai sa mu a addu'a.

Ƙaninki.