Ku Dawo wa Mijina da Fadamarsa

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ya ƙera wasan waya na Tsallen Kurege, da ma'aikatansa, Nassarawa GRA, Kano.

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Ranka ya daɗe, ni maƙwabciyarku ce, daga ƙofar gidanmu ana hango allon ofishinku. Na taka da ƙafata, maigadi ya ce kuna taro. Na sake komawa, wata yarinya mai fara'a ta ce in rubuta ƙorafina a shafinku. To ga shi na rubuta, amma a inda kowa zai gani, domin raina a ɓace yake kuma ba zan ɓoye ba.

Ni tsohuwar malamar makaranta ce, lalura ce ta haɗa ni da wasanku. Mijina, Alhaji Isyaku, tsohon malamin gona ne. Bara ya samu shanyewar ɓarin jiki, hannun damansa ya daina aiki. Mutumin da tun yarinta bai taɓa kai loma baki da hagu ba, sai ga shi dole ta sa. Kunya ta hana shi cin abinci a gaban mutane. Abokansa na masallaci su zo dubiya, in kawo abinci, ya ce ya ƙoshi, alhali na san ko karyawa bai yi ba.

Sista Rahila, 'yar Zariya da ke zuwa yi masa gashin hannu, ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Ya yi jifa da ita, ya ce shi ba jinjiri ba ne. Ita ce ta sa masa wasanku a waya, da sharaɗin cewa da babban yatsan dama kaɗai zai riƙa dannawa. Matakin Kasuwa ya kore shi, baro ya take kuregen tun bai motsa ba. Matakin Gadar Sama kuwa ba a magana. Sai ya faɗa matakin Fadama. Can babu agogo, babu mai bin ka. Kurege yana tsalle daga kunyar albasa zuwa ta latas, in ya faɗa ruwa ba ya mutuwa, ya fito a jiƙe ya sake gwadawa. Alhaji ya kama mitar cewa wanda ya zana albasar bai taɓa shiga gona ba, amma kullum bayan la'asar yana can. Da wannan yatsan, a hankali, ya kai ga jan carbi. Kafin azumi ya riƙe cokali da hannun dama, shinkafar tana zuba amma tana kaiwa baki. Ranar na shiga kicin na yi kuka.

Wannan matakin kuka goge. Ga abin da nake tuhumarku da shi.

Na ɗaya. Kun sanar cewa masu wasa su jera matakai daga wanda suka fi so zuwa wanda suka raina, na ƙarshe kuma za a cire shi a sa sabo. Amma sai kuka ce wanda ya gama wasan duka ne kaɗai zai jefa ƙuri'a. Don Allah wa ya ba ku wannan shawara? Kun tara masu lafiyar yatsu kun tambaye su ko suna son wurin da aka yi don marasa sauri. Me kuke jira su ce? Mijina ya fi duk masu ƙuri'arku zama a Fadama, amma ba shi da bakin magana, saboda bai iya tsallake gadarku ba.

Na biyu. Na ga jerin da kuka fitar kuna murna. Gadar Sama ce ta ɗaya, inda kurege ke tsalle a kan rufin Adaidaita Sahu kamar wanda ya ci bashi. Marina ta biyu, Kasuwa na biye. Fadama can ƙasa, har da ɗan hoton fuska mai hamma kuka manna mata, wai tana sa barci. Na koyar da yara shekaru masu yawa, na san ɗaukar na ɗaya da na ƙarshe. Ban taɓa jin makarantar da ke korar aji guda don manyan ɗalibai sun ce karatunsa ya yi musu sauƙi ba. In jeri kuke so, ga nawa: Fadama ta ɗaya, sauran ku raba yadda kuka ga dama.

Na uku. Ba ku tambayi kowa ba. Wayar ta sabunta wasan da kanta, muka wayi gari babu Fadama, an sa wani matakin Jirgin Ƙasa mai gudu kamar zai tashi sama.

Na huɗu, kuma shi ne ya sa ni ɗaukar biro. Alhaji bai yarda ku kuka cire ba. Ya duba ya duba bai gani ba, sai ya ɗauka shi ne ya manta hanyar shiga. Tun da ciwon nan ya same shi babu abin da yake tsoro kamar ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Na yi masa bayani, Sista Rahila ta yi, ya ce lallashinsa muke yi, wai wane mai hankali ne zai kashe fadama da ƙuri'a. Har tambayata ya yi ko da ma can akwai wurin, ko shi ya ƙirƙira. Yanzu wayar tana cikin durowa. Yatsan ya fara sanƙarewa, kuma shekaranjiya da ƙaninsa ya zo, ya sake cewa ya ƙoshi.

Ba kuɗi nake nema ba, ba kuma haƙuri a shafinku ba. Ku dawo da matakin Fadama, ko da a lungu ne inda ba zai tsone wa masu sauri ido ba. Nan gaba in za ku yi zaɓe, ku bar duk mai wasa ya yi magana, har da wanda bai wuce mataki guda ba. Sannan, ranka ya daɗe, ko ba za ku yi ko ɗaya ba, ka tako zuwa gidanmu, baƙin get ne mai bishiyar mangwaro. Ka zauna gaban dattijon nan ka gaya masa da bakinka cewa ku kuka goge, kansa lafiya lau yake. Ni ya daina yarda da ni.

Allah Ya yi wa sana'arku albarka, Ya bar ku da lafiyar hannuwanku har tsufa, kada Ya nuna muku ranar da za ku nemi wuri mai sauƙi ku tarar an cire.

Wassalam.

Hajiya Asabe, matar Alhaji Isyaku,
Nassarawa GRA, Kano.