Inci Ɗaya A Wata

Zuwa ga maigidana, sanyin idona, bangon da na jingina da shi ban faɗi ba, maginin da ya fi kowa kaushin tafin hannu da taushin zuciya. Ina gaishe ka, gaisuwar mai kewa, duk da ina fushi da wannan ginin da ya ɗauke min kai mako uku cur.

Dubi rubutun nan da kyau. Na san kamar kaza ta yi tono, kada ka yi dariya. Da hannun dama na yi shi!

Ka tuna ranar da gilashin tagar shagona ya yanke min jijiya a damtse? Aka ɗinke, ciwo ya warke, amma babban yatsana da manuni suka zama kamar na aro. Tela da ba ta jin allura a hannunta, me ya rage mata? Likita ta zana mana a takarda, ta ce jijiyar za ta sake tsirowa yadda ta fara tun ina cikin uwata. A bakin jijiyar akwai 'yan zaruruwa masu miƙewa suna laluben hanya. Wanda ya dace ya kama, wanda ya ɓata ya janye. A bayansu kuma wasu 'yan sanduna ke biyowa suna kafuwa, don kada abin da aka gina ya rushe. Ni ina sharɓar hawaye, kai kana gyaɗa kai, wai ai aikinku ne, a kafa katako a gaba, a bi da rodi a baya. Inci ɗaya a wata, in ji likita. In ta tsaya ba ta tashi ba, sai in haƙura da ɗinki.

Duk ƙarshen wata ka zaunar da ni a kan tabarma, ka bi hannuna da gindin fensir kana ƙwanƙwasawa har inda zan ji tsirr, sannan ka auna daga tabon da tef ɗina na awo. Ya masoyina, yau zan tona maka asiri. A wata na biyar da na shida jijiyar ba ta motsa ba, ka ɗora babban yatsanka ka cinye kan tef ɗin, ka ce an ƙaru. Ni za a yi wa coge da tef? Ni da na shekara ashirin ina auna kafaɗun mutane? Na gani sarai. Ban tona ka ba ne a lokacin don na san saboda ni ka yi. Na kuma ji ka a barandar asibiti kana faɗa wa likita gaskiya, muryarka ƙasa-ƙasa. Ka ɗauki tsoron kai kaɗai, ka bar min barcina.

Da yayata ta ce a sayar da keken ɗinkin tun bai yi tsatsa ba, sai ka tashi ka ɗauko mai ka ɗiga masa, ka mayar da zanen da ake rufe shi da shi. Da wane baki zan gode maka? Ruwan sama ma ƙasa ba ta iya biyansa, sai dai ta yi tsiro.

To ga tsiron. Yau da hantsi na yaye zanen keken, na kai hannu cikin gwangwanin maɓallai, allura ta soke ni a kan manuni. Wayyo, zafi! Na yi ƙara har maƙwabciya ta rugo ba takalmi, ta tarar da ni zaune a ƙasa ina dariya ina kuka. Ɗigon da ka gani a gefen takardar nan jinin ne, da gangan na bar maka shi.

Ka dawo, hasken ɗakina. Ka zo da rigar aikin nan mai yagaggen aljihu, ita zan fara ɗinkawa. Ka sake auna ni, amma wannan karon ka janye yatsanka, ba abin da ya rage da za ka ɓoye min.

Taka, da hannun da ka jira da zuciyar da ba ta taɓa mutuwa a kanka ba, har ranar da numfashi zai ƙare,

Telarka.