Na Faɗi Adadin Shanun Kawuna A Podcast

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Admin sannu da ƙoƙari, don girman Allah ki ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku ba ni da wuri, don ranar Juma'a ake jiran amsata, ni kuwa kwana tara ke nan na kasa zaune na kasa tsaye. Saƙon nan ma na rubuta na goge ya fi sau biyar.

Ni matar aure ce, yarana biyu, a Dutsin-Ma muke zaune. Kiwon dabbobi na karanta a jami'a, na gama bautar ƙasa na yi ta yawo da takardu har na gaji, sai na kama haɗa abincin dabbobi a wani ɗan shago jikin gidanmu. Dusa ce da kowar wake da ƙuli-ƙuli da kanwa da gishiri, sai wasu sinadarai da nake aunawa in zuba daidai yadda aka koya mana. Haɗin yana da kyau, wallahi ba don nawa ba ne. Amma shekara biyu ina zaune ina korar ƙuda. Namiji zai shigo ya dubi buhu ya dube ni, ya ce ina maigidan. In na ce ni ce mai shagon sai ya yi murmushi ya ce to bari ya zagayo, shi ke nan ba zan ƙara ganinsa ba. Wani dattijo daga Tamawa har cewa ya yi shi da aka haifa cikin garke, yanzu mai jan baki ce za ta koya mashi abin da sa zai ci. Ranar na rufe shago na shiga ɗaki na sha kukana.

Mutum ɗaya ne ya yarda da ni, Kawu, yayan mahaifiyata. Yana wani ƙauye ta wajen Kurfi, ba zan faɗi sunan garin ba, in kun karanta zuwa ƙasa za ku gane dalili. Dattijo ne makiyayi, ya haura sittin, ba shi da yawan magana. Bara da rani ya ce in zo in gwada abin nawa a kan shanunsa, in ya yi ya yi, in bai yi ba ai gida ne. To don in san buhu nawa zan kai dole in san yawan dabbobin. Na tambaye shi su nawa ne, ya ce ana dai godiya ga Allah. Na sake tambaya, ya ce suna nan yadda Allah ya bar su. Mu mutanenmu haka suke, ba a faɗin adadin shanu, ko ɗan cikinka bai isa ya tambaye ka ba. Da can don gudun kambun baka ne, yanzu kuwa kowa ya san halin da yankinmu yake ciki, ba sai na yi bayani ba. Ni da boko ya ratsa, sai na tsaya bakin rijiya lokacin da ake shayar da su na ƙirga da kaina. Kawu ya gan ni ina motsa baki ina nuni da yatsa, ya kawar da kai. Ranin nan ya wuce ko saniya ɗaya ba ta kwanta ba, nono bai ƙafe ba, aka samu 'yan maruƙa masu kyau, bayan damina na sake ƙirga su. Amma duk da haka kasuwa shiru, don Kawu ba mutumin da zai zauna a dandali yana yabon kowa ba ne.

Ana nan sai wata ƙawata da muka yi makaranta tare, tana sayar da turaren wuta a Katsina, ta ce ke kina wahalar da kanki da buga fosta, nemi a gayyace ki podcast, irin shirin hirar nan da matasa suke ɗauka su ɗora a intanet. Ta ce mutum in ya zauna minti arba'in yana jin kina bayani, ya ga kin san abin da kike faɗa, ba sai kin roƙe shi ya saya ba, shi zai nemo ki. Ita ma ta nan kasuwarta ta buɗe. Na tura wa masu shiri bakwai saƙo, shida ko kallo ban ishe su ba, ɗaya ya amsa, wani matashi mai shirin ƙananan sana'o'i a Katsina. Maigida ya kai ni da kansa. Sati guda ina bita gaban madubi kamar mai shirin jarrabawa.

Hira ta yi daɗi, sai da muka kai tsakiya mai shirin ya ce Hajiya duk wannan bayanin littafi ne, masu sauraro misali suke so, wa ya yi amfani da kayanki ya ga amfani. Wallahi a lokacin fuskar dattijon nan na Tamawa ce ta faɗo mini a rai. Sai bakina ya buɗe. Na ce kawuna ne, na faɗi sunan garin, na faɗi shanu nawa gare shi da rani da nawa suka zama bayan damina. Mai shirin ya ce kai, masha Allah, maimaita mana lambar. Na maimaita, har da ɗaga murya. Bai tsaya nan ba, da muka gama ya tambaya ko ina da hoto, ni kuma da rawar jiki na tura mashi wani bidiyo da na ɗauka a waya, ga garken nan gaba ɗaya, ga rijiyar, ga tsamiyar da ke bakin hanya. Duk wanda ya taɓa bi ta wajen a babur zai gane wurin. Har muka dawo gida ina murna, ko sau ɗaya ban tuna da komai ba.

Gaskiyar ƙawata, abin ya yi aiki fiye da yadda ta faɗa. Suka yanko daidai wurin nan minti ɗaya, suka haɗa da bidiyon garken suka saki, ya shiga wayoyi. Sati biyu wayata ba ta huta ba. Masu turka raguna daga Rawayau, masu gidan gona daga Katsina, har wani daga Kaduna ya yi odar buhu talatin. Mazan da ke tambayar ina maigidan yanzu sai ka ji suna Malama ina kwana, Malama me za mu ba ɗan maraƙi. Na ɗauki mata biyu aiki, ɗaya mijinta ya rasu tana riƙe da marayu. Ba zan yi maku ƙarya ba, na ji daɗi, na ji kaina ya yi girma. Har yau duk wanda ya kira, farkon abin da yake cewa shi ne ya ga hirata.

Sai ga kiran babban ɗan Kawu. Abokin wasana ne, magidanci, in ya kira ba ya fara magana sai ya ce baiwata ina tuwona, ni kuma in ce mai ƙafar kaushi an shigo gari ke nan. Ranar sallama kawai ya yi. Ya ce bidiyon ya iso garinsu, matasa suna nuna wa juna a shagon cajin waya, a masallaci ma wani ya tare Kawu yana dariya ya kira shi da lambar nan da na faɗa, wai ashe haka Allah ya yi mashi arziki yake tafe da tsohuwar riga. Sannan ya ce wasu mutum biyu a babur sun zo sun tsaya gindin tsamiyar, suna tambayar yara nan ne garken da aka nuna a waya. Babu wanda ya san su a garin. Ƙila masu son ganin shanun ne don su yarda su sayi kayana, ƙila kuma ba su ba ne. Wannan ƙilan ita ta hana ni sukuni, da na ji ƙarar babur a ƙofar gida sai gabana ya faɗi, alhali ni ina cikin gari.

Inna, mahaifiyata, ta wanke ni tas. Ta ce karatun da aka kashe mini kuɗi na yi ke nan, in je in tsaya gaban duniya in ƙirga dukiyar ɗan'uwanta, ita da suka fito ciki ɗaya ba ta taɓa sanin adadin ba. Ta ce in wani abu ya same shi kada in sake in taka mata gida. Washegari na hau mota zuwa Kurfi, na hau babur na ƙarasa. Na so a ce Kawu ya zage ni, ko ya ɗaga sanda, da na fi samun sauƙi. Ina! Ya sa aka dama mini fura, ya tambayi yara da maigida, ya tambayi kasuwa. Na durƙusa ina ba shi haƙuri ina kuka, ya ce tashi ɗiyata, ai ba da mugunta kika yi ba. Abu ɗaya kawai ya ƙara, ya ce shi tun da ubansa ya bar mashi sanda bai taɓa ƙirga su ba, a bakin mutane ya fara jin yawansu. Da zan tafi na ga buhunan da na aika mashi wancan watan jingine a zaure, ko ɗinkin ba a farke ba.

Na kira mai shirin na ce ya goge. Ya ce shi ba zai ƙi ba in na dage, amma in sani shi ne shirinsa da aka fi kallo, kuma wanda ya riga ya sauke a wayarsa ya sauke, gogewa ba za ta shiga aljihun mutane ta cire ba. Ya ce in an cire, lambar wayata da ke ƙasan bidiyon ta tafi, masu nemana ta nan sun yanke. Maigida ma bayansa ya bi. Mun yi sa'insa sosai, irin wadda ba mu taɓa yi ba. Shi ganinsa ɓarnar ta riga ta auku, in na goge na yi asara biyu, Kawu bai tsira ba ni ma na koma korar ƙuda, matan nan biyu kuma in sallame su su ci me. Na ce mashi don ba kawunka ba ne. Ya ce to in yi abin da na ga dama, tun ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Abin haushin, na san akwai gaskiya a maganarsa. Amma kuma kullum bidiyon nan yana nan sababbin mutane suna kallo, ina ganin lambar masu kallo tana hawa, da can murna nake yi, yanzu sai in kife wayar.

Ana cikin haka wata mai babban podcast a Kano ta aiko mini. Irin shirin da in ka shiga, manyan masu gidan gona da ƙungiyoyi suke nemanka. Ta ce labarin garken kawuna ne ya burge ta, shi take so mu faɗaɗa, in da hali ma su zo su ɗauki hoton wurin. Na ce hoto kam ba zai yiwu ba, ko za mu yi hirar ba tare da labarin ba. Ta ce to me ya rage, bayanin dusa da kanwa kowa zai iya yi, shaida ake so. Ta ba ni zuwa Juma'a.

Abin da ya sa na kasa haƙura na rubuto maku shi ne abin da ya faru jiya Laraba, ranar kasuwarmu. Wajen la'asar wani Alhaji ya tsaya ƙofar shagona da mota, shanu uku a baya, yana ta fara'a. Ya ce Malama yau na yi sa'a, daga garken nan da kika faɗa a shiri na saye su, dillali ya rantse mini, kuma mai su da kansa ya kawo su kara, kasuwar shanu. Na leƙa. Wallahi na gane su, har da wata ja mai karyayyen ƙaho da nake ba dusa a tafin hannuna, ga ta da ciki. Kawu bai taɓa sayar da saniya mai ciki ba, ko shekarar da aka yi wa matarsa aiki a asibiti bijimi ya fitar. Na kira ɗansa, ya ce e, Kawu ya yanke shawarar rage su, wasu a sayar, wasu a rarraba gidajen dangi a nesa, don kada a zo a tarar da adadin da aka ji. Alhajin nan yana tsaye yana jira, ya ce a ba shi irin abincin da suka saba ci, buhu huɗu. Na auna na ba shi, na karɓi kuɗinsa, har na ce Allah ya sa albarka.

To 'yan'uwa ku gaya mini gaskiya, ko zagina za ku yi ku yi, na cancanta. In sa a goge bidiyon ko da ba zai dawo da komai ba, don dai Kawu da Inna su ga na zaɓe su, in rungumi abin da zai biyo baya a shago da cikin gidana? Ko in bar shi tunda ya riga ya yaɗu? Ta Kano fa, in ce mata a'a in rufe wa kaina ƙofar da na shekara biyu ina roƙon Allah ya buɗe, ko akwai yadda mutum zai kawo shaidar aikinsa ba tare da ya tona asirin wanda ya rufa mashi asiri ba? Masu sana'ar da suka taɓa shiga irin shirin nan, ku da me kuke kafa hujja? Don Allah kada ku ce in yi addu'a kawai, ina yi. Ku ba ni abin da zan aikata kafin Juma'a, don ɗan Kawu ya ce Laraba mai zuwa ma za su sake kawo wasu kara.