Bayan Kaset ɗin Inna

Anguwan Rogo, Jos
9 ga Maris, 2004

Ƙanena Uzairu,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Ga kaset na ba Oga Anene, mai zuwa can sayen kayan gyaran mota, ya kawo maka. Muryar Inna ce. Ta ƙi zuwa wajen masu waya, wai ba za ta yi magana da ɗanta a ƙarƙashin lema duk kasuwar Terminus na ji ba. Wasiƙunka kuma ta ce ni ke ƙara musu gishiri idan ina karanta mata. Na ari rikodar Benedict mai sayar da kaset, ta cika gaban kaset ɗin muna zaune, da aka juya baya ta kore mu ta saki labule.

Muryarka take so, Uzairu. Ciwon sugan ya ci ƙarfinta, yanzu a zaune take salla. Ka cika mata kaset ko da surutun banza ne, ai ka iya.

Yayarka,
Hussaina

Daegu, Koriya
2 ga Afrilu, 2004

Yaya Hussaina,

Na gaishe ki, a gaida Inna da kyau. Saƙo ya iso. Sau huɗu na ji gaban, har faɗan da ta yi miki kan gishirin miya ya fito. Bayan kuwa na saurara ban ji komai ba sai kukan kaji, ina jin ba ta danna wajen da ya kamata ba.

Yaren nan ya sa ni a gaba. Baƙaƙensu a mako ɗaya na haddace har ina ɗaga kafaɗa, sai da na buɗe baki a kasuwa wata tsohuwa mai kifi ta yi dariya har ta zauna. Nan sai an san shekarunka kafin a san irin maganar da za a yi maka. Malama Pak, mai koya mana yaren, ta ce kowa ya riƙa ɗaukar muryarsa yana saurare, ni da rikoda yanzu kamar mai waƙar biki. In na faɗi jarrabawar Yuni, babu karatun injiniya, gida za a maido ni.

Ki ba Inna haƙuri. Ina gamawa zan cika mata kaset biyu, har da gaisuwar Koriya.

Ƙaninki,
Uzairu

Anguwan Rogo, Jos
28 ga Mayu, 2004

Uzairu,

Assalamu alaikum. Kawu Labaran ya gaya maka ta waya, ba sai na maimaita ba. Allah ya jiƙan Inna. An yi bakwai, baƙi sun watse, gidan ya yi mini girma.

Duk ranar da ta ji Oga Anene ya dawo sai ta aike ni shagonsa. Sau biyu ina dawowa hannu rabbana. Ba ta taɓa cewa komai ba, sai ta ce yaro na karatu.

Ranar Laraba kafin ta cika na tambaye ta ko akwai abin da za ta bar mana. Ta ce ta riga ta faɗa wa Uzairu a kaset. Ka ce ba komai a bayan, amma ka san halinta, in magana mai nauyi ce sai ta yi ta jan carbi har mutum ya zaci ta manta da shi. Ka sake saurare har ƙarshe, ka rubuto mini kalma da kalma.

Yayarka,
Hussaina

Daegu, Koriya
25 ga Yuni, 2004

Yaya,

Na gaishe ki. Mako biyu wasiƙarki na aljihuna na kasa amsawa.

A watan Afrilu kaset ɗina ya cika, shago na da nisa, ana ruwa. Na ɗauko na Inna, na juya bayan da na zaci babu komai, na danna. Rabin awa nake tambayar ina tashar jirgi take da yaren Koriya, ina cewa yau akwai sanyi, ina maimaitawa don Malama Pak ta yaba.

Da na karanta wasiƙarki na saurara har ƙarshe. Inda muryata ta tsaya, tata ta fito. Abin da ya rage ke nan: "To, ka ji. Wannan kai kaɗai na faɗa wa, in na tafi ka gaya wa 'yar'uwarka. Hussaina, zo ki kashe abin nan."

Na ci jarrabawar. Ban san wa zan faɗa wa ba. Ki yafe mini, ni na kasa yafe wa kaina.

Uzairu

Anguwan Rogo, Jos
19 ga Yuli, 2004

Uzairu,

Na gaishe ka. Na kai wa Benedict maganar, ya ce abin da aka hau kansa ba ya dawowa.

Yafiya zan yi, amma ba yau ba. Wata biyu tana jiran muryarka, ashe kana can kana ɗora ta a kan tata.

Ka ba Oga Anene kaset ɗin yadda yake. Ina so in ji ta kira sunana.

Yayarka,
Hussaina