Ɗinki Huɗu a Dasashi

Zuwa ga babbar 'yata,

Gaisuwa mai yawa. Ya jego? Hoton jikata ya iso, na yi ta zagaya shagon ɗinkinmu da shi har maigida ya ce in zauna!

Kin ce in ajiye aiki in dawo tunda na kasa magana a waya. Haƙora ne fa, turame biyu, suka maƙale a dasashi, likita ya tsaga ya ciro. Na duba ɗinkinsa a madubi, bai kai nawa ba, amma wurin yana haɗewa. Tauna ce dai har yanzu sai a hankali. In baki ya ƙi, ga biro. Ba a banza na yi karatun yamma da furfura ba.

Allah ya raya mini amaryata. Ki gaya mata sai wa'adin aikina a nan ya cika zan zo, da ƙafata, ba a matsayin majinyaci ba.

Babanki