Kujerar Gefen Direba

Zuwa ga 'yata, Uwata ta kaina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya tarin ƙaramar? Ni dai sai godiya. Ƙugun nan yakan tuna mini da kansa da safe, amma da rana ta ɗaga sai ya yi shiru.

Na san za ki ce me ya hana ni kira a waya. Kunnen ne. Kina magana ina ta cewa na'am, mu rabu ban kama rabi ba. A takarda kuwa ba mai katse ni.

Abin da na kama a wayarmu ta ƙarshe shi ne kin gyara mini ɗaki a gidanki, kuma tun da na faɗi a banɗaki barcinki ya ragu. Na ji, ban kuma raina ba. Amma na roƙe ki ki bar ni a gidan nan har a gama motar, kika ce to, da muryar wadda ba ta san wace mota ake nufi ba. Bari in gaya miki.

Kin san maƙwabcinmu likitan haƙori, dogon nan mai sanƙo, wanda mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, take kira Mai-Haƙori. Ashe shi ma yana da ciwon da ba ya jin magani. Ya sayo gawar wata tsohuwar mota mai ƙofa biyu, wai zai mayar da ita ta tsere. Matarsa ta haƙura da baƙin mai a tsakar gida, ta haƙura da notuna a aljihun kayan wanki, amma ran da ta tarar da kabureta jiƙe a cikin tukunyarta sai ta ba motar wa'adi. Ya zo yana sosa sanƙo, ya tambaye ni ko akwai kowa a garejinmu. Na ce tun da na sayar da tawa, gizo-gizo kaɗai ke kwana ciki.

Yanzu kullum da la'asar, idan ya rufe asibitinsa, sai in ji ƙarar ƙofar gareji. Yakan zo da abokinsa mai walda, wani guntun mutum da ake kira Gajere, wanda bakinsa ba ya hutawa ko tartsatsi na zuba a kansa. Sun sauke injinta na asali sun ɗora babba, sun maƙala masa wata katantanwar ƙarfe da ke cusa masa iska. Sun rage mata tsayi har kyanwa sai ta sunkuya take shiga ƙarƙashinta. A ciki kuma Gajere ya haɗa keji na bututun ƙarfe don tsare direba, ya shafa masa fenti ruwan ɗorawa.

Abin da ya fi ba ni mamaki, yawancin aikinsu ragi ne, ba ƙari ba. Nauyi ne abokin gabarsu. Sun cire kujerun baya da darduma da rediyo. Mai-Haƙori ya rataye sikeli a bango, duk abin da ya ciro sai ya auna, ya yi murmushi kamar ya raba mutum da ruɓaɓɓen haƙori. Har ƙarfen da ke riƙe batir ya huda wa ramuka. Gajere ya ce saura ya aske gashin baki, tun da na kai ya riga ya ba da tasa gudummawar.

Kujerar gefen direba ce ta fi tsone masa ido, don tsohuwa ce mai nauyi, mai laushi. Da suka ciro ta za su jefar, na ce su jingina ta da bango. Ita ce ofishina yanzu. Ina zaune ina miƙa sifana, ina tsare notuna a gwangwani, ina zuba shayi. Sun sa mini suna Manaja. Ni, wanda mahaifiyarki take cewa in ina tuƙi masu keke na wuce ni a hanya suna gaishe ni, yau ni ne manajan motar tsere.

Uwata, tun rasuwarta agogon bango kaɗai ke magana a gidan nan. Yanzu kuwa ni ke dubansa, in ga ko la'asar ta yi. Shi ya sa na nemi wannan jinkiri. Alkawari kuma yana nan: ran da aka gama, ki turo a ɗauke ni.

Ki gaida maigidanki, ki shafa mini kan yara.

Naki,
Mahaifinki.

Zuwa ga Uwata,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Saƙonki ya iso, maganin da safar duka, Allah ya yi miki albarka. Safar ta yi mini daidai. Na ji daɗi da tarin ƙaramar ya tafi.

Motar ta tashi. Ran da aka fara kunna ta, tantabarun unguwa suka watse, matar Mai-Haƙori ta leƙo ta katanga tana tambaya ko wani abu ne ya fashe. Ni da ba na jin waya, wannan na ji ta har cikin ƙirjina. Gajere ya rungumi likita, ya bar masa shatin hannu baƙi a farar riga. Na taya su murna da gaske. Sai da suka tafi na zauna na gane abin da na yi wa tafi.

Akwai kuma abin da ya ɗan taɓa ni, kada ki ce tsufa ne. Shekaranjiya na fito da butar shayi, na tarar babu kujerata. Wata farar kujerar roba ce a wurin, irin ta haya, wadda ƙafafunta ke buɗewa idan mutum ya zauna. Na tambaya, Mai-Haƙori ya ce an ɗan kawar da ita ne, bai ko ɗago kai daga inji ba. Gajere, wanda ba a taɓa rasa magana a bakinsa ba, ya sauke gilashin walda ya rufe fuska. Ragowar bututun kejin da ke jingine a kusurwa ma an kwashe. Motar kuma yanzu tamfol suke lulluɓa mata kafin in fito.

 Kujerar tasu ce, kuma mai shirin tashi dole ya share wuri.

Sai kuma jiya Gajere ya nemi izinin shiga banɗaki. Ya daɗe har na damu. Da na bi shi, na tarar da shi da abin awo yana gwada bango, daga nan ya fito ya auna baranda. Da ya gan ni sai ya hau yabon ginin, wai irinsa ba a yi yanzu. Uwata, in kin riga kin yi magana da su a kan ba da gidan haya, ki gaya mini kawai. Ba zan yi fushi ba. Abin da ba na so shi ne a riƙa auna ɗakin mahaifiyarki ina tsaye.

Na sauko da akwatina daga kan kabad. Ban sa komai ciki ba tukuna, na dai goge ƙurar.

Duk da haka ina cin abinci, ina shan magani a kan lokaci, kuma kujerar robar ba ta kayar da ni ba.

Ki gaida kowa da kowa.

Naki,
Mahaifinki.

Zuwa ga Uwata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara, da fatan lafiya ta wadata. Wasiƙar da ta riga wannan, in ba ki karanta ba ki yaga ta. In kin karanta, ki yafe wa tsoho zarginsa.

Ranar Asabar da safe Mai-Haƙori ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, ya ce Manaja ya sa takalmi, za a fita aiki. Akwai wani tsohon filin jirgi a bayan gari da aka daina amfani da shi, inda masu irin ciwonsu ke samun izinin gwada motocinsu. Aka ɗora motar a bayan babbar mota da tamfol ɗinta, mu kuma muka bi a motar asibiti.

Da aka sauke ta aka yaye tamfol, sai ga kujerata a ciki, a wurinta na asali. Gajere ya yi mata sababbin ƙafafu ya ɗaure ta da jikin motar. Bututun kejin da ya gitta ƙofa, a gefen direba sai an ɗaga ƙafa sosai ake tsallake shi, amma a nawa gefen ya lanƙwasa shi ƙasa saboda ƙuguna, ya kuma ƙara mariƙi a sama inda hannuna zai kai. Mutumin da ya huda ƙarfen batir don ya rage nauyin da bai kai na cokali ba, shi ne ya mayar da wannan ƙatuwar kujera. Na tambaye shi nawa ta ƙara a sikeli. Ya ce sikelin ya lalace. Sikelin nan, Uwata, da safen na wuce shi, lafiyarsa ƙalau.

Suka kifa mini hular kwano da ta yi mini yawa, sai da aka cusa tawul. Suka ɗaure ni da bel ta kafaɗu biyu kamar kayan da za a aika nesa. Likita ya ce in ciro haƙoran roba in ba Gajere ajiya, don ba zai bi filin jirgi yana neman aikin hannunsa ba. Gajere ya ce to ga wani nauyin an rage.

Kada hankalinki ya tashi. Likita ya auna jinina kafin mu shiga, kuma da farko tafiya ya yi kamar ya ɗauko ƙwai. Muka kai ƙarshen fili muka juyo. Ni ne na dafa gwiwarsa na nuna masa gaba. Ya dube ni, na sake nunawa. Sai ya taka.

Katantanwar nan ta yi fito, wani abu ya danna ni cikin kujera, ciyawar gefen hanya ta zama zane ɗaya kore. Na ji bakina yana ihu, ba na tsoro ba. Sunan mahaifiyarki na kira, wanda nake kiranta da shi idan ba kowa. Na so a ce tana tsaye a gefen filin nan ta ga ko akwai mai keken da zai wuce ni. Da muka tsaya hawaye sun jiƙa tawul. Na ce iska ce, suka yarda, ko da yake gilashi a rufe yake.

Washegari Gajere ya zo da injin huda bango. Ragowar bututun kejin ne ya yanka ya lanƙwasa. Yanzu akwai mariƙi ruwan ɗorawa a banɗaki, da gefen gado, da tsawon baranda har ƙofar gareji. Ya ce ƙarfen da zai riƙe mota idan ta kife ba zai gaza riƙe Manaja ba. Awon da na gani ke nan.

To, motar ta yi gudu, ke nan an gama. Na ce ran da aka gama ki turo, ba zan kuma canza magana ba. Akwati a shirye yake. Roƙona ɗaya, ki zo da kanki, ki ga wurin kafin a rufe.

Naki har kullum,
Mahaifinki.

Zuwa ga Uwata,

Ina fata kun isa gida lafiya, kuma gajiyar hanya ta sake ku. Gidan ya yi mini faɗi bayan tafiyarku, har yanzu ina tsintar takardun alewar yara a ƙarƙashin kujeru.

Kada ki riƙe likita da Gajere a rai saboda dariyar da suka yi. Ke tambaya kika yi ta hankali, ko an gama motar. Su kuwa ba su taɓa jin an haɗa kalmomin nan biyu ba. Kin ga yadda Gajere ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Likita gaskiya ya gaya miki: birki bai gamsar da shi ba, giya tana jinkiri, injin ma yana zafi. Bayan tafiyarki matarsa ta gaya mini cewa motar da ya yi kafin wannan, har yaransu suka gama makaranta yana cewa saura kaɗan. Ni kaina ban san haka abin yake ba lokacin da na yi miki alkawari.

Na kuma san ba dariyarsu ce ta sa kika bar ni ba. Na gan ki a banɗaki, kin kama mariƙin nan da hannu biyu kina jijjiga shi da dukan ƙarfinki, kamar mai neman laifinsa. Kika fito, kika buɗe akwatina kika mayar da kayan cikin kabad. Yadda kika ninke rigunan, hannun mahaifiyarki sak.

Sharuɗɗanki na karɓa. Likita ya riƙe makullin gida, yana leƙo ni kowace safiya kafin ya tafi asibiti. Sandar da kika ce in riƙa dogarawa tana hannuna. Idan damina ta kankama zan zo in yi muku kwanaki, kuma ran da ƙafa ta ƙi gaba ɗaya, ni zan fara gaya miki. Ɗakin da kika gyara kada ki ba kowa.

Kujerar roba an mayar wa masu ita. Tawa kuwa sun ƙi ciro ta, don haka ofis ya koma cikin mota. Ta taga nake miƙa sifana, gwangwanin notuna yana wurin da rediyo yake a da. In kin ga rubutun ya karkace, a kan gwiwa nake yi. Jiya suka sake sauke injin, yana can rataye da sarƙa, gaban motar wayam, tayoyi a jingine da bango. Ba inda za ta je a watan nan. Ni ma haka.

La'asar ta yi, ga ƙarar ƙofa. Ki gaida maigidanki, ki shafa mini kan yara.

Naki,
Mahaifinki, Manajan Gareji.